Sarewar da Ke Kiran Guguwa

Furera ta shirya maganar tun a cikin motar da ta ɗauko su daga Buza. Ta tauna ta a kan hanyar Madawa, ta sake taunawa a layin asibitin mishan, ta kuma yanke cewa ranar da idon Inna Tabawa ya buɗe, ranar za ta durƙusa ta nemi izini ta je wurin alƙali a raba aurenta.

Auren kuwa sunansa kawai aure. Mijin, Aƙilu, ɗan Tabawa tilo, ya fita sassabe wata bazara wajen shekara goma da suka wuce, bai dawo ba. Gatarinsa aka tsinta a gona. Masu kiwo a kusa suka ce sun ji busar sarewarsa da tsakar rana, sai ga wata jar guguwa ta taso daga wajen hanyar mota, ta ratsa gonar, busar ta ɗauke. Tabawa, wadda tun lokacin yanar ido ta makantar da ita, ta ce shi ke nan, iskoki sun ɗauke mata yaro, da ma bakinta ya gaji da hana shi busa a daji da rana tsaka. Wani mai magani kuma, Allah Ya isa tsakanin Furera da shi, ya karɓi akuya ya ce wanda iskoki suka ɗauka suna maido shi, matuƙar ba a bar ɗakinsa ya mutu ba. Wato matarsa na ciki, wuta na kamawa a murhu.

Kowa a garin ya san guguwar da ta ɗauki Aƙilu tana da tayoyi da karen mota. An gan shi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, an nufi Ƙwanni, daga baya wani ɗan ci-rani ya ce ya hange shi a Abijan yana tallar agogo. Amma wa zai tsaya gaban makauniya ya ce mata ɗanta da ƙafarsa ya tafi? Sau ɗaya Furera ta gwada, ba ta ma kai ƙarshen zancen ba tsohuwar ta juya wa bango fuska ta bar cin abinci, sai da aka yi ta lallashi. Ga shi Tabawa ba suruka kaɗai ba ce. Yayar mahaifiyarta ce, ita ta goye ta tun uwarta ta rasu. Furera na iya zuwa wurin alƙali ba da sanin kowa ba, amma ba ta iya shiga ɗakin wani namiji ba da albarkar Inna ba.

Namijin kuwa akwai shi. Mutari ne, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya, yana aikin jera duwatsun tare ruwa a wajen Keita. Mutum ne mai haƙuri, amma haƙurin ya zo wuya. Ya ce mata in ruwan shuka ya sauka ba a yi komai ba, zai nemi wata, don yaransa sun gaji da tuwon maƙwabta. Ga bazara ta yi nisa, har hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Ranar da aka cire auduga daga idon hagu, Tabawa ta yi ta ƙifta shi tana hawaye. Ta kalli lokotoro, wato likita, ta kalli fanka, ta kalli tafin hannunta ta ce ashe haka ya yamutse. Sannan ta juyo ta zuba wa Furera ido.

"Wace ta wagga?"

"Inna, ni ta."

"Ke? Subhanallahi! Ni yarinya nis sani mai kumatu. Yaushe kinka zama haka?"

Aka yi dariya a ɗakin, Furera ma ta yi, amma maganar ta soke ta har ƙashi. Ta ce a ranta bari su koma masauki, Inna ta ci abinci ta huta, in ya so daga baya ta faɗa mata.

Masaukinsu gidan Nehemiya ne, ɗan ƙanen Tabawa. Ubansa ya shiga addinin mishan tun yana saurayi, amma zumunci bai yanke ba. Nehemiya ke kula da gurup ɗin da ke ba asibiti wuta, matarsa Alheri kuma tana aiki a ɗakin masu ido. Mutum ne mai gemu da 'ya'ya, ana girmama shi a majami'a, sai dai yana da ciwo guda. Wani lokotoro da ya koma ƙasarsu ya bar masa wani akwati mai kaset da ake haɗawa da tele, wato talabijin, mai igiya da ɗan abin dannawa. Tun daga ranar, in ya taso aiki ko ruwa ba ya tsayawa sha. Sai ya baje a tabarma, harshe a waje, yana danne-danne yana faɗa da tele. Alheri ta ce ita dai ta haifi uku, Ubangiji Ya ƙara mata na huɗu mai gemu.

Bayan azahar Tabawa na zaune a inuwar rumfa tana kallon kaji kamar ba ta taɓa ganin kaza ba. Furera ta kawo mata fura, ta durƙusa, ta gyara murya.

"Inna, ina da magana."

"Ina jinki, ɗiyata."

Sai ga wata busa ta fito daga ɗakin Nehemiya. Siririya ce, gajera, ta hau ta sauko ta tsaya. Ludayin ya faɗi daga hannun Tabawa.

"Wa ka busa sarewa da rana tsaka?"

Kafin Furera ta ce wani abu, tsohuwar da shekara da shekaru sai an ja ta da sanda ta miƙe zumbur ta nufi ɗakin, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Furera ta bi ta a guje. Suka iske Nehemiya a tabarma. A cikin tele kuwa ga wani ɗan guntun mutum tsaye a kan wata ƙasa mai hanyoyi. Suna kallo wata guguwa ta ɓullo daga gefe tana juyawa, ta zo ta naɗe shi, ta yi sama da shi. Tele ta yi duhu, ta sake haske, sai ga ɗan mutumin a wata ƙasa daban, ruwa ya kewaye ta, tsaye da ƙafafunsa lafiya lau.

Tabawa ta kwarma salati, har kajin waje suka watse. Furera ma ta dafa bango. Ita da ta san gaskiyar kamiyo, sai da tsigar jikinta ta tashi.

"Kun gani!" in ji Tabawa, tana nuna tele da hannu. "Kun gani ko ba ku gani ba? Busa, guguwa, ɗauka! Haka anka yi ma yarona! Ga shi can da rai, ko ƙwarzane babu!"

Nehemiya ya yi wuf ya tashi zaune. "Haba Gwaggo, wasa na. Wasan yara na, Nasara sunka ƙera shi."

"To Nasaran a ina sunka gani in ba a yi? Mutanen da sunka buɗe min ido su za su yi ƙarya? Ashe har su sun sani! Ni aka maida mahaukaciya a gari, ina ji ana ƙus-ƙus in na wuce." Ta juya ta kamo hannun Furera ta matse. "Ɗiyata, Allah Shi yi miki albarka da kinka zamna. Yau na ga shaida da idona. Ko shekara nawa ta, ɗakin nan ba shi mutuwa."

Furera ta ji kamar an kwara mata ruwan randa. Maganar da ta ɗauko tun daga Buza ta koma ciki ta zauna kamar dutse. Ta yi jinyar ido, ta sayar da tunkiyarta, ta kwana a tabarmar asibiti, ashe duk don idon ya buɗe ya ga wannan ne! Haushi ya kama ta, na Nehemiya da gemunsa da akwatinsa na banza. Da ta samu taɓarya a lokacin, da tele ɗin ba ta kwana ba.

Alheri ta shigo da gudu daga madafa tana tambayar lafiya. Da ta gane abin da ya faru ta harari mijinta. "Ka ga irinta ko? Kashe abin nan!"

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Tabawa. Ta zauna dirshan a gaban tele. "Nehemiya, sa shi ya sake busawa ya koma gida. In ga yadda aka komowa."

Nehemiya ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ai sarewar in an busa sau guda ta ƙare. Sai an sake wasan tun daga farko an nemo ta."

"To nemo ta."

"Da ɗan nisa fa."

"Ina da wurin zuwa na?"

Haka ya danna wani abu, ɗan mutumin ya koma ƙasarsa ta fari, mai ciyawa da 'yan tuddai. Alheri ta ce lokotoro ya hana a wahalar da sabon ido, Tabawa ta ce idon nata ne. Furera ta zauna a bakin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa.

Shi kuwa Nehemiya, da ya ga yau ya samu mai kallo, wanda bai taɓa samu ba a gidan, sai tsoro ya sake shi, baki ya buɗe. Ɗan mutumin na tsalle yana ƙetare ramuka, shi yana bayani kamar mai wa'azi.

"Kin gani Gwaggo, ba a hanya take ba, ɓoye ta anka yi. Wanda bai sani ba sai shi wuce ta. Ni kaina na daɗe kahin in gano. Sai ka zo nan, ka laɓe, ka bi ta baya inda ba a ganinka. Yawwa! Ga ta!"

Ɗan mutumin ya shiga wani ɗaki, ya buɗe akwati, ya ɗauki sarewar. Tabawa ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi. Ta jira busa, ba ta ji ba. Ɗan mutumin ya fito ya ci gaba da tafiyarsa kamar bai ɗauki komai ba.

"Ina sarewar?"

"Tana aljihu. Ai ba a busawa nan take, aje ta aka yi. Kana tahiya da abinka ba wanda ya sani. Sai ran da ƙasar ta ishe ka, ka ga wahala ta yi yawa, ramu nan, wuta nan, ba ka iyawa, sai ka hiddo ta ka busa ka tsallake duka." Ya yi dariya. "Ni wallahi ƙasar hamadar nan ta ka gundura ta, kullum a nan nika gudu."

Alheri ta taka masa ƙafa. Bai ma ji ba.

"To shi busa ya koma baya," in ji Tabawa.

"A'a Gwaggo, ba ta kai mutum baya. Gaba ɗai taka kaiwa."

"Ƙasar da ya baro fa? Da mutanen da ke ciki?"

"Ai shi ke nan, an wuce su. Ba a sake ganinsu."

"Nehemiya!" in ji Alheri da ƙarfi. Sai a lokacin ya waiwayo ya ga fuskar gwaggonsa, dariyar ta bushe a bakinsa.

Furera ta ɗago kai. Da Tabawa ta sake magana muryarta ta yi ƙasa.

"Guguwar nan. In bai busa ba, tana zuwa ta ɗauke shi?"

Nehemiya ya kalli matarsa, ya kalli Furera, ya rasa wanda zai cece shi. "Gwaggo, wasa na fa..."

"Tambayarka niy yi."

"Ba ta zuwa. Sai ya kira ta."

"Ban yarda ba. Aje abin hannunka. Aje shi ƙasa, mu gani."

Ya ajiye. Ɗan mutumin ya tsaya cik a tsakiyar ƙasarsa, sarewa a aljihu. Su huɗu suka zuba wa tele ido. Ɗan kiɗan wasan na ta maimaita kansa, gurup na ruri daga nesa, zufa na bin bayan Furera. Tabawa na kallon gefen da guguwar ta ɓullo ɗazu, leɓunanta na motsi, kuma Furera ta gane da firgici cewa addu'a take yi guguwar ta zo. Inuwar rumfa ta matsa, miyar Alheri ta fara ƙauri a madafa ba wanda ya tashi. Aka kira la'asar a masallacin bakin kwalta. Ba abin da ya zo. Ɗan mutumin na nan inda aka bar shi.

Tabawa ta juyo a hankali. Sabon idon, ja, mai ruwa, ya sauka a kan Furera, kuma wannan karon bai kauce ba.

"Ranar nan," ta ce, "da wace riga yaron nan ya hita?"

Gaban Furera ya faɗi. Shekara goma ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Tana iya cewa tsummar gona, magana ta mutu, Inna ta ci tuwonta da daɗi. Ta kalli tsohuwar da ta goye ta, ta ji tausayi kamar ya kashe ta, ta kuma ji ta gaji, gajiyar da ba ta da sauran wurin ajiyewa.

"Rigar Salla, Inna."

"Shuɗiyar?"

"Ita."

"Takalma fa?"

"Na fata. Da 'yar jakarshi."

"Sassabe da rigar Salla," in ji Tabawa, kamar mai ɗanɗana magani. "Wa ya wanke mishi ita?"

"Ni. Tun ana jibi ya ce in wanke. Ban san dalili ba, Inna, wallahi ban sani ba, sai daga baya."

"Tun ana jibi." Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Da daren nan ya zamna kusa gare ni, ya ci tuwo a ƙwaryata, yana ba ni dariya. Ashe sarewar tana aljihu."

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya da ƙara, jiki kawai ke girgiza. Alheri ta durƙusa ta riƙe mata hannuwa. "Gwaggo, don Allah kada ki murza idon, aikin bai warke ba. Ki yi kukanki amma kada ki taɓa." Nehemiya kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Sai cewa yake, "Ya Ubangiji, mi nij jawo? Ku gafarce ni, Gwaggo, bakina na."

Furera ta rarrafo ta kama ƙafafun Tabawa. Tsoro ne ya cika ta, kada tsohuwar ta sake juya wa bango fuska, wannan karon kuma ta tafi ke nan. "Inna, ki yi haƙuri. Na fasa maganar da niz zo da ita. Ina nan, ba inda za ni."

"Wace magana?"

Furera ta sunkuyar da kai.

Tabawa ta zare hannu ɗaya daga riƙon Alheri, ta tallafo haɓar Furera, ta juya fuskar wajen hasken ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Ta bi goshin da yatsa, ta bi ƙasan idanun, ta taɓa wani farin gashi guda da ya leƙo daga ɗankwali.

"Ni nic cinye miki kumatun," ta ce. "Ina zamne cikin duhu ina tsammanin yarinya ta ka kawo min hura." Ta ja hanci. "Mutumen nan da ka zuwa da itace, mai yin tari kahin ya yi sallama. Mi sunanshi?"

Furera ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe duk zuwan da yake yi yana ajiye itace a bayan danga yana raɗa, tsohuwar na ji!

"Makanta niy yi, ba kurumta ba. Mi sunanshi?"

"Mutari," in ji Furera, da kyar aka ji.

"In mun koma ki aika mishi ya zo in gane shi da idona, kahin in ba da ɗiyata. Alƙali kuwa ni ka shiga gaba. Ni uwar yaron ta, in na yi magana ba mai ja."

Furera ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka. Ta yi zaton ranar da ta ji wannan maganar za ta yi guɗa, sai ga shi abin da ke cikinta rabi daɗi ne rabi ciwo, ba ta ma san wanne ya fi ba.

Nehemiya ya lallaɓa ya miƙa hannu zai kashe tele, yana rantsuwa a ransa gobe akwatin zai koma cikin kwali.

"Dakata," in ji Tabawa.

Ɗan mutumin na nan tsaye a tsakiyar ƙasarsa, yana jira.

"Ya gaji da tsayuwa. Busa mishi."

"Gwaggo..."

"Busa mishi nic ce."

Nehemiya ya ɗauki abin dannawar da hannu biyu kamar mai ɗaukar garwashi. Siririyar busar ta hau ta sauko. Guguwar ta ɓullo daga gefe tana juyawa. Wannan karon Tabawa ba ta yi salati ba, ta dai bi ta da ido har ta naɗe shi ta yi sama.

A garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Furera ta tashi a ɗakin Tabawa, ta yi aure a gidanta, ta ja ta da sanda shekara da shekaru, ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai "yaron nan" ko "mai sarewa". Shi ya sa ta ɗago kai a razane, Alheri ma ta rufe baki da hannu, lokacin da tsohuwar ta ɗaga wa tele hannu ta ce:

"Sauka lahiya, Aƙilu."